Tantin mutum ɗaya: Yadda matasan Tambuwal da Kebbe za su samu mai araha kuma mai amfani

Da zarar damina ta ja baya a watan Oktoba, kwanan waje yakan dawo a ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe da ke kudancin Jihar Sakkwato. Akwai samarin da ake turawa gadin shinkafar da aka yanke aka tara a fadama, daga baya kuma gadin albasa da kankana da injin ban-ruwa idan noman rani ya kankama. Akwai 'yan sikawut da 'yan agaji masu fita sansanin horo a lokacin hutun makaranta. Akwai kuma masu rakiyar kaya zuwa Jega ko Aliero, waɗanda dare kan riska a tasha. Abin da kowannensu ke nema shi ne ɗan ɗakin da zai naɗe ya cusa a jakar goyo, ya kuma iya kafawa shi kaɗai kafin duhu ya yi.

Irin wannan tanti na mutum ɗaya yana nan birjik a hotunan Facebook da TikTok, an kafa shi a gindin wani dutse mai ƙanƙara. Sai dai aljihun ɗalibi ba ya kai wa ga mai kyau, wanda kuɗin ke iya saye kuma sau da yawa ba ya wuce fita biyu ko uku ya yage. Shi ya sa a wannan makon muka auna hanyoyi huɗu da matashi zai iya bi. Matsayar da muka cimma ita ce, a wannan yanki, gidan sauro mai magani tare da rufin tamfol da telan gari ya ɗinka sun fi yawancin tantunan kanti masu araha amfani, sun kuma fi su sauƙin gyara. Ga dalilanmu.

Me ya sa na kanti ya yi tsada?

Kusan duk tantin tafiya da ake gani a kasuwanninmu daga waje ake shigo da shi, galibi daga Sin, kuma da dala ake sayo shi. Kafin watan Yunin 2023, dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. Bayan an sakar wa naira mara, zuwa watan Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Duk kayan da ke hawa jirgin ruwa kafin ya iso gare mu sai da ya bi wannan tashi. Ku ƙara da kuɗin mota daga Legas ko Kano zuwa Sakkwato, sannan daga Sakkwato zuwa Tambuwal, tafiyar kimanin kilomita 100, za ku ga inda kuɗin ke shigewa.

Bayan tsada, akwai batun dacewa. Wanda ya tsara tantin hawan dutse a Turai yana tunanin sanyi ne da ruwan da ke yini yana zuba. Mai kwana a fadamar Kuchi ko bayan garin Dogon Daji da wasu abubuwa dabam yake fama.

Da wa za ku kwana a waje?

Na farko sauro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke. Binciken maleriya na ƙasa da aka yi a 2021 ya samu ƙwayar cutar a jinin kashi 22 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a faɗin ƙasar. A Jihar Sakkwato adadin ya kai kashi 36, a Jihar Kebbi da ke maƙwabtaka da Tambuwal da Kebbe kuwa kashi 49, mafi yawa a ƙasar. Sauron da ke ɗauke da cutar da dare yake cizo, kuma a ruwan da ke kwance yake hayayyafa, wato daidai inda mai gadin fadama ke shimfiɗa tabarmarsa. Kwana uku a gadon asibiti ya isa ya cinye abin da aka samu a gadin, ya kuma sa ɗalibi ya rasa jarrabawa.

Na biyu zafi. A watan Afrilu ma'auni kan haura digiri 40 a wannan yanki. Tantin da aka rufe ko'ina da leda yakan koma kamar tanderu, har mai shi ya fito ya kwanta a fili, sauro ya samu abin da yake so.

Na uku iska da ruwa. Hadarin farkon damina da guguwa yake zuwa, ya tumɓuke duk abin da ba a ɗaure da kyau ba. A hunturu kuma, cikin Disamba da Janairu, wasu darare kan sauka ƙasa da digiri 15, ga ƙura.

Na huɗu masu jan ciki da masu harbi, musamman kunama da kububuwa. Su ƙasa suke bi, don haka yadda aka rufe gindin tanti ya fi yadda aka ƙawata samansa muhimmanci.

Duk tantin da za ku saya ko ku ɗinka, da waɗannan abubuwa huɗu za ku gwada shi.

Hanya ta farko: gidan sauro mai buɗe kansa

Wannan shi ne tantin mutum ɗaya mafi araha da ake samu a kasuwanninmu, ko da yake ba da wannan suna ake sayar da shi ba. Yana da waya mai lanƙwasuwa a jikinsa, da an sake shi sai ya tashi da kansa. A lokacin bazara, a tsakar gida ko a harabar makaranta, babu kamarsa, domin iska na ratsa shi ta ko'ina. Ku nemi mai ƙasa a ɗinke da zif mai ƙarfi.

Rauninsa shi ne ba ya tare ruwa, ba ya tare iskar hunturu, kuma da yawansu ba su da maganin sauro a jiki. Idan hannu ko gwiwa ta jingina da ragar, sauro zai ciza ta waje. Idan aka naɗe shi kuma faifai yake zama, mai faɗi, ba ya shiga jakar goyo. Da wayar ta karye sai ta huda ragar.

Hanya ta biyu: sabon tantin kanti

Wanda ya tara kuɗin sabo, ko ta Babbar Kasuwar Sakkwato, ko ta Sabon Garin Kano, ko ta shagunan intanet irin su Jumia da Jiji, ga abin da zai duba kafin ya biya.

Tsawo: kada ya gaza santimita 200, faɗi kuma kamar santimita 90. Wasu masu talla a shafukan sada zumunta tantin wasan yara suke ɗauka hoto ta yadda zai yi kamar babba. Ku tambayi awo da lamba.

Ruɓi: mai ruɓi biyu ya fi, wato raga a ciki, rufin ruwa a waje wanda ake iya cirewa. Da zafi a cire rufin a kwana a raga, da hadari a mayar. Mai ruɓi ɗaya yakan tara tururin numfashin mutum, da asuba ya ɗigo masa kamar raɓa.

Lambar juriyar ruwa: a jikin kwali ko jaka akan rubuta lamba da milimita. Idan an rubuta 1,500, ana nufin yadin zai riƙe ruwa mai tsayin mita ɗaya da rabi kafin ya fara tsatstsafowa. Rufi kada ya gaza 1,500, ƙasa kuma gara 3,000, saboda nauyin jiki na matsa danshi ya shigo. Tantin da babu lamba ko kaɗan a jikinsa, ku ɗauka na inuwa ne kawai.

Sanduna: na alminiyam sun fi sauƙin ɗauka, kuma lanƙwashewa suke yi, a miƙar da su. Na faiba sun fi araha, amma tsagewa suke yi, tsinin ya yaga yadin ko ya soki hannu.

Yadi: foliyesta ya fi nailan jure hasken rana, kuma ba ya saki idan ya jiƙe. A ƙasar da rana ke da ƙarfi irin tamu, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Kada ku tura wa wanda ba ku sani ba kuɗi kafin kaya ya iso hannunku. Gani ya kori ji.

Hanya ta uku: gwanjo

A dilar gwanjo ta jakunkuna da barguna akan ci karo da tanti na kamfani mai kyau a farashin da bai kai na sabo mara kyau ba. Masu zuwa sarin kaya Ƙofar Wambai a Kano sun san haka, kuma za ku iya ba ɗan kasuwar garinku saƙo ya duba muku. Amma gwanjo sai da ido da hanci.

Ku shinshina cikinsa. Akwai wani shafe da ake yi wa yadin ta ciki don ya hana ruwa shiga, kuma zafi da danshi na lalata shi idan ya daɗe a ajiye. Alamarsa wari mai tsami, da danƙo a hannu, da ɓarɓashi fari da ke zubowa. Irin wannan tanti ya gama aikin tare ruwa, sai dai a saye shi don ragarsa. Ku ɗaga yadin ku kalli rana ta cikinsa don ganin huji. Ku ja zif sama da ƙasa sau da yawa. Ku ƙirga sanduna, domin tantin gwanjo da yawa babu sandunansa, kuma samun masu daidai da shi aiki ne. Idan mai kaya ya ƙi yarda a kafa shi a gabansa, ku bar masa abinsa.

Hanya ta huɗu: ɗinkin gida

Kwana a ƙarƙashin rufin da ake naɗewa ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Kalmar tanti daga Turanci muka aro ta, laima kuma daga Larabci, amma tun kafin nan Buzaye suna da tantinsu na fata, Fulani makiyaya kuma suna kafa bukka su tashe ta a yini guda. Hikimarsu ɗaya ce: a yi da abin da ke kusa, wanda idan ya lalace za a gyara a nan take.

Abin da ake buƙata a yau shi ne tamfol mara nauyi mai mita 3 tsawo da mita 3 faɗi, da gidan sauro mai magani irin na 'yan makarantar kwana, da igiyar nailan kamar mita 15, da turaku takwas, da shimfiɗar ƙasa. Shimfiɗar za a iya yin ta da buhunan shinkafa ko na masara da aka farke aka wanke aka haɗa. Kada a yi da buhun taki ko na maganin feshi. Sanduna biyu kuma ko na gora ko na darbejiya sun wadatar.

Ku guji tamfol irin na manyan motoci. Kowace murabba'in mita tasa na kaiwa rabin kilo ko fiye, wato mita 9 zai haura kilo 4. Masu tafiyar ƙasa sukan ce kayan goyo kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mutum. Mai kilo 50 ke nan kilo 10 ne rabonsa, kuma kowace litar ruwan sha kilo guda ce. Tamfol mai sauƙi irin na shanya hatsi ya fi dacewa.

Telan da za ku nema shi ne mai ɗinkin kujerar babur da labulen Keke Napep, domin kekensa da zarensa sun saba da kaya mai kauri. Ku ce ya ninke bakin tamfol ɗin ya bi shi da ɗinki, ya ƙara ƙyalle a kusurwoyi huɗu da tsakiyar kowane gefe, ya sa madauki a kowanne. A nan ne iska ke fara yagawa. Kada ɗinki ya bi ta tsakiyar rufi, saboda kowace hudar allura ƙofar ruwa ce. Inda ba makawa, a shafe ɗinkin da gam irin na masu faci.

Ga inda darasin lissafi zai yi muku rana. Idan aka rataya tamfol mai mita 3 a kan igiya, kowane gefe zai zama mita 1.5. Idan igiyar tana mita 1.2 daga ƙasa, ƙa'idar Fitagoras ta ce rabin faɗin ɗakin zai zama mita 0.9, domin 1.5 sau 1.5 shi ne 2.25, a cire 1.44, saura 0.81, wanda tushensa 0.9 ne. Faɗin ɗakin gaba ɗaya mita 1.8 ke nan, ya ishi mutum da jakarsa da takalminsa. Idan hadari ya taso, a sauke igiyar zuwa mita 0.9, faɗin ya koma mita 2.4, rufin ya kwanta, iska ta rasa inda za ta kama. Da zafi kuma a ɗage gefe ɗaya ya zama rumfa, ko a cire tamfol ɗin baki ɗaya.

Gidan sauron a ƙarƙashin igiyar ake rataye shi, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ta kowane ɓangare ba tare da barin kafa ba. Idan sabo ne, a shanya shi a inuwa na awa 24 kafin a kwana a ciki. Kada a shanya shi a rana, kada a wanke shi da sabulu mai ƙarfi. Maganin da ke jikinsa an tsara shi ya kai kimanin shekara 3 ko wanki 20. Muna kuma roƙonku kada ku cire wanda aka raba wa gida kyauta ku bar ƙannenku ko mahaifiyarku a buɗe. Yara ƙanana da masu juna biyu sun fi kowa shiga haɗari.

Turke da wurin kafawa

Siraran turakun da ke zuwa da tantin kanti ba sa jure ƙasarmu. A fako lanƙwashewa suke yi, a jigawa kuma zarewa. Maganin fako shi ne ƙusa mai inci 6, ko guntayen rodi da mai walda zai yanka ya lanƙwasa kansu. A yashi kuwa, a ɗaura igiya a tsakiyar guntun itace, a binne shi a kwance kamar taƙi ɗaya, a taka. Idan madauki ya tsinke a daji, a sa ƙaramin dutse a cikin tamfol, a tattaro shi, a ɗaure wuyansa da igiya.

Kada a kafa a kwari ko a busasshiyar ƙorama, ko da sama tana tas, domin ruwan da aka yi a wani gari na iya isowa cikin dare. Kada a kafa a gindin itacen da ke tsaye shi kaɗai a fili lokacin damina saboda tsawa, ko a gindin giginya saboda faɗowar 'ya'yanta. A nisanci shuri da tarin kara da ramuka. A share wurin tun da sauran haske, a juya bayan tanti ga inda iska ke fitowa, wato gabas a mafi yawan lokuta. Da safe a kakkaɓe takalmi kafin a sa ƙafa.

Wuta ba ta shiga tanti

Yadin tanti da tamfol da ragar sauro duk dangin roba ne, suna kamawa nan da nan, su narke a jikin mutum. A watan Afrilun 1997 gobara ta tashi a tantunan alhazai a Mina, fiye da mutum 340 suka rasu, abin da ya sa hukumomin Saudiyya suka koma amfani da tantuna masu jure wuta. Kyandir da aci-balbal da maganin sauro na kunnawa duk a waje za su tsaya. Tocila ko fitila mai caji ta wadatar.

A hunturu wasu kan shigo da kaskon garwashi don jin ɗumi. Gawayi na fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari ko launi, wadda ke kashe mai barci bai farka ba. Maganin sanyi shi ne bargo da hula da safa, da kwali ko busasshiyar ciyawa a ƙarƙashin tabarma, domin ta ƙasa sanyi ya fi shiga jiki.

Maganar da ta fi tanti girma

Ba za mu ba ku shawarar kaya mu yi shiru a kan tsaro ba. Kebbe tana iyaka da jihohin Zamfara da Kebbi, kuma kowa ya san halin da dazuzzukan wannan yanki ke ciki. Ba mu manta da ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri da aka sace a watan Yunin 2021 ba. Saboda haka abin da kuke gani a bidiyo, mutum ya ɗauki jaka ya nausa daji shi kaɗai, ba namu ba ne a wannan lokaci.

Ko sansanin farko na 'yan sikawut, wanda Baden-Powell ya yi da yara 20 a tsibirin Brownsea na Ingila a watan Agustan 1907, a keɓaɓɓen wuri aka yi shi, da izinin masu wurin da na iyaye. Naku ma haka ya kamata ya kasance: a harabar makaranta mai katanga ko filin da ke cikin gari, da sanin iyaye da shugaban makaranta da mai unguwa da jami'an tsaro. 'Yan mata kuma sai a sansanin da makaranta ta shirya tare da malamai mata. Masu gadin gona kada su kwana su kaɗai, su tabbata akwai caji a waya, gida kuma a san inda suke. Ranar da manya suka ce kada a kwana a fadama, a naɗe tanti a dawo. Ana sake shuka albasa, rai kuwa ba a sake shi.

Kafin ku kashe ko sisi

Ku fara ƙirga dare nawa za ku kwana a waje a shekara, kuma a wane lokaci. Mai fita sansani sau ɗaya a shekara ba ya buƙatar mallakar tanti. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ƙungiyar makaranta na iya haɗa kuɗi ta sayi tamfol a dunƙule, ta ba tela ɗaya ya ɗinka guda biyar ko goma, a riƙa ba da aro ana rubutawa a littafi. Sari ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi, tela ma yakan rage idan aiki ya yi yawa. Mai kwana a fadama wata biyu kuwa, nasa na kansa ya dace da shi, kuma a gidan sauron ya kamata ya fi zuba kuɗi.

Kowanne kuka samu, ku gwada shi a tsakar gida tukuna. Ku kafa shi da rana, ku sake kafawa da dare da tocila. Ku sa ƙaninku ya kwarara masa ruwa da bokiti kuna ciki, ku ga inda ke yoyo. Ku goga kyandir a haƙoran zif don ya riƙa tafiya sumul. Bayan kowace fita a kakkaɓe shi, a bari ya bushe sarai a inuwa kafin a naɗe, a ajiye inda ɓera da gara ba sa kaiwa.

Muna jiran wasiƙun ƙungiyoyin makarantun Tambuwal da Jabo da Sanyinna da Kebbe da sauran garuruwa. Duk waɗanda suka ɗinka nasu, su rubuto mana awon da suka yi amfani da shi, da abin da suka kashe, da yadda ya kasance a daren farko, domin sauran ɗalibai su ƙaru.